Ranar da Sista Ta Ce Kayanka Bai Yi Ba

Duk wanda ya ƙera wani abu don ma'aikatan jinya, takalmin aiki ne, ko keken tura magani, ko manhajar rubuta bayanan majinyata, akwai ranar da ke jiransa. Zai miƙa wa sista kayan, ta juya shi sau biyu, ta ce, "Malam, wannan fa ba zai yi ba." Kafin wannan rana kowa mai haƙuri ne. Bayanta kuwa sai a rabu gida-gida.

Akwai Malam Ba-ku-gane-ba. A wurinsa kaya ba su da aibi, horo ne bai ishe ku ba. Sista ta ce allon na'urar ba ya jin yatsa in ta sa safar hannu, ya ce ai sai ta cire. Ta ce hannun da jini, ya ce ta wanke tukuna. Mace ce fa ita kaɗai da ɗaki guda na majinyata, ƙarfe biyun dare, ga ruwan wani ya ƙare, ga wata tana kiran "Sista, Sista". Maganinsa bita ta kwana biyu da shinkafa da lemo, a watse allon yana nan yadda yake.

Ƙanensa shi ne mai takardun Turai. Ko me aka ce, sai ya zaro fayil: an gwada a Jamus. Wannan ya kamata a zaunar da shi a ba shi labarin 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, ta cika asibitocin duniya, takardunta kuma ba a magana. Sai a Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna tana yaudarar likita a kan baƙar fata kusan ninki uku na yadda take yi a kan farar fata: ta nuna lafiya lau, alhali iskar ta yi ƙasa. Haske take haskawa ta cikin yatsa, launin fata kuma yana taɓa lissafin. To in sista a Kano ko Zinder ta ce lambar nan ba ta yi daidai da numfashin majinyacin ba, wace takardar Jamus ce za ta ƙaryata ta?

Alhaji Za-mu-duba ba ya musu da kowa. Littafi gare shi mai kyau, ya rubuta, ya gyaɗa kai, ya yi godiya har da "Allah Ya saka da alheri". Bayan wata shida ya dawo da kayan nan dai, an sauya masa launi.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai maƙiya. In aka ce tayar kekensa na maƙalewa a bakin ƙofa, shi hassada ya ji. Wani kamfani ne ya sayi sistar, ko kuwa dama mutanenmu ba sa son ci gaban nasu. Ya manta gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Uwar ɗakin wannan gida ita ce Elizabeth Holmes ta kamfanin Theranos, wadda ta ce na'urarta za ta yi gwaje-gwaje barkatai da ɗigon jinin yatsa. Ma'aikatanta da suka ce na'urar ba ta aiki, lauyoyi aka tura musu. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata fiye da shekara 11. Namu na gida bai kai nan ba, iyakarsa ya daina gaida sista.

Mai bi ta sama bai ma tsaya jin suka ba. Ofishin shugaban asibiti ya nufa, aka sa hannu, aka ɗau hoto. Kayansa na cikin sito yanzu, ko ledar ba a ɓare ba.

Mai narkewa kuma tausayi yake ba ni. Duk abin da aka faɗa sai ya yi. Wannan ta ce a ƙara wa rigar aljihu, ya ƙara. Waccan ta ce a sa wurin almakashi, ya sa. Ta uku ta ce wurin waya. Ƙarshenta riga ta yi nauyi kamar buhun gero, kuma su ɗin da suka ba da shawarar su ne suka fara ƙin sa ta. Bai taɓa tsayawa ya tambayi mutum nawa ne abu ɗaya ya dama ba.

Na ƙarshe, mai saurare, ba shi da yawa. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya a Denmak, Elise Sørensen, ta tsara jakar da ake liƙawa a ciki ga wanda aka yi wa aikin hanji, saboda 'yar'uwarta da ta daina fita don kunya. Mai masana'antar leda Aage Louis-Hansen da farko bai ga kasuwa a ciki ba. Matarsa Johanne, wadda ta yi karatun jinya, ita ta nuna masa kuskurensa, ya kuwa saurara. A 1957 aka kafa kamfanin Coloplast a kan wannan jakar, yana nan har yau.

Kai mai ƙera kaya, in ba ka auri nas ba, nemi izinin metiron ka kwana ɗaya a ɗakin majinyata. Ka kai lokacin da aka ɗauke wuta, ka miƙa kayanka, ka ja bakinka ka yi shiru, ka ga inda za a ajiye shi kafin asuba.