Ire-iren Masu Sabuwar Firinta Mai Ratsi

Mai ɗaukar hoton da ya tara kuɗi ya sayo sabuwar firinta a titin Beirut na Kano, ya girke ta a shagonsa a Yelwa ko Wara, ya buga fasfon farko fuska ta fito da koren ratsi, a ranar ake gane halinsa. Akwai Malam Mai Haƙuri, wanda a ganinsa gajiyar hanya ce ke damun baƙuwar, in ta huta za ta ware. Sai ya lulluɓe ta da zane har mako biyu, alhali zaman banza shi ke busar da tawada a kan da ke fesa ta, ratsi ɗaya ya zama goma. Akwai Injiniya, mai sukudireba da bidiyon YouTube. Kafin la'asar ya kwance ta, ya ɗura mata ruwa da sirinji, ya mayar, ga noti uku sun yi saura a kan tebur, garanti kuma ya bi ruwa.

Mai Zargi kuwa wutar lantarki ya fara ɗora wa laifi, kuma yana da abin faɗa, domin tun 1968 madatsar Kainji ke ba ƙasa lantarki amma maƙwabtanta ba su rabu da janareta ba. Daga wuta sai ƙurar hunturu, daga ƙura sai mai shagon da ke kallon nasa. Kowa na da laifi ban da wanda ya sayar. Mai Kunya surukinsa ne ya yo masa sayayyar, don haka gara asara da a ce ya raina ƙoƙarin manya. In amarya ta zo daga Shanga ta ga kumatunta kore, sai ya ce, "Hajiya, ai yayin ke nan." Mai Lissafi shi kullum yana tara kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, da cinikin bikin Rigata da zai wuce shi, har wata uku su cika bai gama ba.

Duka biyar ɗin jinkirin mayarwa suke yi, jinkirin kuma shi ke cinye haƙƙinsu. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mutum wata uku ya mayar da kayan da ke da aibi, a gyara, a sauya, ko a ba shi kuɗinsa. Malaman Malikiyya ma sun ba mai saye zaɓin mayarwa, amma in ya ga aibin ya ci gaba da amfani, an ɗauka ya yarda.

Za a ce rasit ya rubuta ba a mayar da kaya. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ta sha faɗa cewa wannan rubutu ba ya soke doka. Za a ce Kano da nisa, to direbobin tasha da suka kawo kwalin suna komawa, hoton ratsin kuma WhatsApp zai kai shi a ranar. Hujja mai nauyi ita ce wani ratsin ba aibi ba ne, iska ce ta shiga bututun tawada saboda girgizar hanya. Nan ne Mai Zafin Kai ke jin kunya, wanda ya yi tafiyar yini yana kumfar baki, aka ɓare salatif ɗin da ya manta bai cire ba, firinta ta kama aiki a gaban jama'a. Maganinsa mai sauƙi ne: a cire duk abin da aka liƙa, a sa na'urar ta wanke kanta sau biyu ko uku, a buga takardar gwaji. In ratsi na nan, a haɗa kwali da rasit a kira mai shagon da ya sayar kafin magariba. Shi ya fi kowa sanin waɗannan mutane, kuma duk "sai gobe" da suka ce, aljihunsa take shiga.