Gatari ɗaya, alƙalai huɗu

Mu huɗu muka zauna yanke wa Crime and Punishment hukunci, littafin nan na Dostoevsky da ya fito a Rasha a 1866.

Na farko ya ce an cuce shi. Tun kashin farko aka nuna masa mai laifin: Raskolnikov, tsohon ɗalibi, ya sa gatari ya kashe tsohuwa mai karɓar jingina, ya haɗa da ƙanwarta. "To sauran shafukan na mene ne?" Na zazzaɓi ne, ranka ya daɗe. Yaron na kwance a ɗan ƙuntataccen ɗakinsa a St. Petersburg, yana zufa, yana musu da kansa.

Ta biyu ta ce zufar ce ma ta burge ta. Wai ta ga halin kowa a ciki, har na surukarta. Ba mu nemi ƙarin bayani ba.

Na uku lissafi ya kawo. Taku 730 ne daga ƙofar gidan yaron zuwa gidan tsohuwar, shi ya ƙirga da kansa. Mai ƙirga takunsa, in ji shi, aikin yi ya rasa. Da ya koma koyar da yaran da ya watsar, da tsohuwa na nan da ranta.

Sai aka juyo kaina. Na gyara zama, na ce littafin akwai zurfi, musamman ƙarshen, shekara 8 a Siberiya. Aka jinjina kai. Ƙarshen kam na karanta. Rasit ɗin da na sa alama da shi yana shafi na 90 tun azumin bara.

Ta biyu ta ƙura mini ido kamar Porfiry mai binciken kisan a littafin, ta ce, "Malam, ya ka ga Svidrigailov?"

Na ji zazzaɓi na taso mini.