Kafin Ka Sayi 'Yar Ƙaramar Kwamfuta, Fara da Fiya Wata Uku

Duk wanda ya ƙudurta sayen 'yar ƙaramar kwamfutar da zai riƙa yawo da ita, shawarata ta farko gare shi ita ce ya bar kuɗinsa a gida, ya tsaya shagon unguwa ya sayi fiya wata guda uku. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo ke nan. Jefa biyu a jakarka, ka ɗauki nauyin Eee PC 701, kakar duk wasu netbuk, wadda ba ta cika kilo ɗaya ba. Ƙara ta uku, ka ɗauki nauyin mai inci 10 ko 11 har da cajarta. Sai ka wuni da jakar a kafaɗa: ka hau adaidaita, ka ratsa kasuwa, ka je ɗaurin aure, ka dawo. Kada wani ya yi maka dariya, domin dabarar tana da asali. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro PalmPilot da ta fito a 1996, sai da ya sassaƙa guntun katako daidai girman na'urar da yake son ƙerawa, ya riƙa yawo da shi a aljihun riga, yana ciro shi yana yin kamar yana rubuta alƙawari, don ya ga ko abin zai zauna da rayuwar mutum. Shi ya gwada da katako, kai ka gwada da ruwa, kuma naka ya fi nasa amfani idan ƙishi ya zo. In magariba ta yi kafaɗarka ba ta kai ƙara ba, to batun nauyi ya fita daga lissafi, kuma da fitarsa kwamfutar aljihu ta rasa babbar hujjarta. Abin da ya rage shi ne yatsunka, kuma su ya kamata su yanke hukunci.

Gidaje biyu ne ke neman kuɗinka. Gida na farko na netbuk ne, wato laftof da aka rage wa tsawo da farashi. Kamfanin Asus na Taiwan ne ya buɗe ƙofar a ƙarshen 2007 da Eee PC, mai fuska inci 7 da ma'adana mai gigabait 4, tana tafiya da Linux, a kan kimanin dala 400. A 2008 Intel ya fito da ƙwaƙwalwar Atom, sai kowa ya shigo rawa: Acer da Aspire One, MSI da Wind, Samsung da NC10, HP da Dell da nasu Mini. Gida na biyu, na kwamfutar aljihu, ya girmi na farko nesa ba kusa ba. Can ne ake samun Nokia 9000 Communicator ta 1996, da Psion Series 5 ta Ingila ta 1997, da OQO ta Amurka, da Samsung Q1 ta 2006, da Nokia N810, har zuwa GPD Pocket ta China da ta fito a 2017. Sunan netbuk ɗin ma daga wannan gida aka aro shi, don Psion ta sayar da wata na'ura mai wannan suna tun 1999, kuma sai da ta yi shari'a da Intel a kansa kafin su sasanta a 2009. Alƙawarin gida na biyu shi ne cikakkiyar kwamfuta a aljihu, kuma alƙawari ne mai daɗin ji.

To ga yadda za ka gwada shi. A kan kibod na sosai, tazarar tsakiyar madanni zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19 ce. An ɗauko wannan awon ne daga faɗin yatsan baligi, kuma yatsan baligi bai san an ci gaba ba, yadda yake a zamanin tafireta haka yake yau. Saboda haka idan ka isa shago, a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko duk inda kake sayayya, yi sallama, ka ce, "Alhaji, a ba ni in ɗan taɓa." Zauna, ɗora ta a cinya, ka rubuta sakin layi guda cikakke da yatsu goma, ba sunanka kawai ba. Sa tsarin madannai na Hausa da ke cikin Windows, ka rubuta jimlar da ta cika da haruffa masu lanƙwasa, kamar "ƙanƙara ta ɓarke a ɗakin ƙanena". Idan kana danna harafi ɗaya maƙwabcinsa yana amsa sallama, ajiye ta. Kada ka yarda da zancen wai za ka saba, domin kamfanonin da kansu ba su jira mutane su saba ba. Asus ta fara da inci 7, cikin shekara guda ta koma 9, ta koma 10, kuma zuwa 2009 inci 10.1 ne ya zama ruwan dare a duk kasuwar. Babu wanda ya tilasta musu ƙara girma sai masu saye, waɗanda suka gaji da rubutu kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Ita kuwa ta aljihu, yawanci manyan yatsu biyu take ɗora wa aikin goma, sauran takwas suna riƙe da ita ta baya kamar 'yan rakiyar amarya. Saƙon gaisuwa zai fito lafiya. Rahoton shafi ashirin kuwa, jiki magayi.

Bayan yatsu sai ido, kuma a nan ma ƙanƙanta tana da haraji. Fuskar Eee PC ta farko ɗigo 800 ce a kwance, 480 a tsaye, waɗanda suka biyo baya kuma 1024 da 600. Sanannen ciwon wannan awo shi ne akwatin tambaya ya fito, maɓallin amincewa ya faɗa ƙasan fuskar inda ba a ganinsa, mutum ya rasa yadda zai ce to. Sony ta so ta magance wannan a 2009 da Vaio P, ta cusa ɗigo 1600 da 768 cikin inci 8, sai komai ya shiga, amma haruffa suka koma kamar ƙwayar gero. Don haka buɗe irin shafin da za ka riƙa aiki da shi, fom na neman gurbin karatu ko jadawalin lissafin shago, ka ga ko za ka cike shi ba tare da kai hanci jikin gilashi ba. Microsoft ma ta yanke nata hukuncin: cikin sharuɗɗan Windows 11 akwai fuskar da ta haura inci 9.

Na san abin da mai son ta aljihu zai ce: ai amfanin na'urar tafiya shi ne ta kasance tare da kai kullum, kuma abin da ke jaka ana iya mantawa da shi, abin da ke aljihu kuwa ba a mantawa. Gaskiya ne, sai dai aljihun ya riga ya yi mai gida. Waya ta tare a ciki, kuma ba ta da niyyar karɓar kishiya. Tarihi ya nuna yadda zaman ya kaya: OQO ta rufe a 2009, Nokia ta mayar da zuriyar N810 waya a N900, HP ta saye Palm a 2010. Duk abin da waɗannan na'urori suka yi fice da shi, duba saƙo, karanta labari, adana lambobi, wayar da ke hannunka tana yinsa, har ta ɗauki hoto ta kuma kira gida. Wanda ya sayi kwamfutar aljihu a yau ya sayi jemage ne, ba ga tsuntsu ba ga dabba: ta fi waya cika aljihu, ta kasa laftof daɗin rubutu. Wani zai ƙara da cewa to a sayi kibod mai Bluetooth a haɗa da wayar mana. Ana iya yi, kuma a kan tebur yana aiki. Amma gwada shi a kujerar baya ta mota tsakanin Zariya da Kaduna, ko a kan tabarma, ka ga inda za ka jingina wayar. Abin da ya sa laftof ta zama laftof shi ne maƙallin da ya haɗa fuska da kibod, wanda ke riƙe fuskar a tsaye ba tare da an roƙi kowa ba. Akwai dai waɗanda ta aljihu ta dace da su: injiniyan da ke hawa sama yana gyaran na'urorin sadarwa da hannu ɗaya, ko mai wasannin kwamfuta da ke son irin Steam Deck ta 2022. Su sun san abin da suke nema, kuma sun san ba a layin araha ake samunsa ba, don cusa cikakkiyar kwamfuta cikin tafin hannu tsada yake ƙara mata. Wanda kuma aikinsa karatu ne da kallo da hira kawai, ya riƙe wayarsa, ya sayi buhun shinkafa da kuɗin.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi: ai netbuk ta mutu. A Janairun 2010, ranar da Steve Jobs ya gabatar da iPad, ya yi mata kaca-kaca a bainar jama'a cewa babu abin da ta fi kowa iyawa, kuma zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera ta. Babu musu a kan wannan. Amma a duba abin da ya kashe ta. An ɗaure mata ƙafa tun daga gida: don a samu Windows mai rahusa, sai da masu ƙerawa suka tsaya a kan ram gigabait 1 da ƙaramar fuska, Atom N270 da ke cikin yawancinsu kuma ba ta da ƙarfin kirki, ga Windows 7 Starter da ko hoton bangon fuska ba ta barin mutum ya sauya. Ribar kowace guda ƙanƙanuwa ce, kamfanonin kuma ba sa son ta yi kyau har ta janye masu sayen manyan laftof. Kayan cikin ne suka gaza. Surar jikin, wato kibod na yatsu goma da nauyin fiya wata biyu zuwa uku, tana nan da ranta a cikin Chromebook da aka fara sayarwa a 2011, da sauran ƙananan laftof masu inci 11.6 da suka cika azuzuwan makarantun Amurka. Saboda haka ka so surar, ka guji gawar. Idan mai gwanjo ya miƙo maka netbuk ta 2009 yana cewa tana nan kamar sabuwa, ka tuna an daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Irin wannan tsohuwa sai dai a sa mata Linux mara nauyi ta zama tafireta, kuma a saye ta da kuɗin tafireta. Nemi ram gigabait 4 a ƙalla, da ma'adanar da ba ta gaza gigabait 64 ba, domin masu 32 ɗin nan Windows kaɗai ke cinye su, ta kuma nemi ƙari duk lokacin sabuntawa. In Chromebook ce, tambayi shekarar da Google zai daina sabunta ta, ka kuma lissafa kuɗin data, don ta fi sakewa idan akwai intanet.

Sai batun wuta, wanda duk mai karanta wannan ya fi injiniyoyin Taiwan saninsa. A Nuwamban 2005 a birnin Tunis, Nicholas Negroponte ya nuna wa duniya laftof ɗin yara ta dala 100, mai hannun murzawa a gefe don samar da caji, kuma hannun ya ɓalle a wurin nunin, Kofi Annan yana riƙe da shi. Da aka zo ƙera ta sosai an cire hannun, farashin ma ya kusa ninkawa, kuma ita ce aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Wannan shiri na daga cikin abin da ya zaburar da Asus da Intel, don haka tun ran gini batun caji yake manne da ƙananan kwamfutoci. A nan dole a ba tsofaffin na aljihu haƙƙinsu: Psion Series 5 da batir biyu irin na tocila take aiki, ta yi kwanaki ba ta nemi kowa ba. Amma fuskarta ba ta da launi, kuma na aljihun zamani masu Windows sun bar wannan gado, ƙaramin jiki ƙaramin batir. Kai dai idan mai shago ya ce batir yana kai awa shida, ce masa madalla, ka zare cajar da hannunka, ka kunna bidiyo, ka aika a kawo muku shayi. Kafin kofi ya huce za ka ga gaskiya. In Windows ce, umarnin powercfg /batteryreport zai nuna maka ƙarfin da aka haifi batirin da shi da wanda ya rage masa. Ka kuma fifita wadda ke caji ta kafar USB-C, don ita ce za ta iya sha daga fawa bank mai ƙarfi ko daga sola ranar da aka ɗauke wuta, maimakon ka riƙa yawo da caja mai kai na musamman wanda in ya ɓata sai an zagaye kasuwa uku.

Mai yiwuwa a tsakiyar ciniki ka hango tsohuwar ThinkPad mai inci 12.5 a gwanjo, farashinta bai wuce na sabuwar 'yar ƙarama mai jikin roba ba. Kada ka ji ka saɓa wa wannan shawara in ka karkata gare ta. Ta ɗan fi nauyi, amma kibod ɗinta cikakke ne, kuma a yawancin irinta ana iya sauya batir da ma'adana, abin da araha ta zamani ba ta cika bari ba, don sau da yawa ram ɗinta a like yake da allon ciki. Buɗe murfin ka rufe sau goma ka ji ko maƙallin yana ƙara, danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kowace kafa da filas ɗinka. Sannan ka ce, "Alhaji, a rubuta mini kwana uku na gwaji a jikin rasit." In ya rubuta, biya. In ya ce ai tsakaninku akwai amana ba sai an rubuta ba, yi masa godiya, ka ɗauki jakarka ka shiga shago na gaba.