Satifiket a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Masu gyaran tsofaffin takardu, irin littattafan ajami da ake adanawa a Arewa House da ke Kaduna, ba sa gaggawa da takardar da ta yamutse. Sukan fara gwada tawadar da ɗan ɗigon ruwa, su ga ko za ta zuba. Daga nan su rufe takardar a akwati mai danshi, ba tare da ruwa ya taɓa ta ba, har zarurrukanta su saki. Sai su sa ta tsakanin takardu masu shan ruwa, su ɗora katako da nauyi, suna canza takardun. Aikin kan ci kwanaki, wani lokaci makonni.

Wani matashi a Sabon Garin Minna bai da makonni. Gobe da safe yake da intabiyu, ga satifiket ɗinsa ya fito daga ƙasan adakar mahaifiyarsa a ninke gida huɗu. Sai ya nufi wurin mai wanki da guga na bakin layi.

"Baba, don Allah a miƙar mini da wannan."

Baba ya jujjuya ta, ya ce, "Yaro, shadda ma ta kwanta a hannuna, balle takarda." Ya fifita gawayin dutsen guga, ya guntsi ruwa ya fesa mata, ya danna da ƙarfinsa.

Tawadar hatimi ce ta fara gudu, ta malala har kan sunan yaron. Hoton fasfo da ke kusurwa ya yi ƙaura, ya manne a gindin dutsen. Rasit ɗin POS da ke maƙale ya koma baƙi ƙirin, domin zafi ne ke fitar da rubutun irin wannan takarda, yau kuwa ta sha shi har ta ƙoshi. Kwafin da yaron ya haɗo ma bai tsira ba: garin tawadar na'urar fotokofi da zafi ake manna shi, zafin kuma ya sake narkar da shi.

Gaskiya dai takardar ta miƙe sumul.

Yaro ya tsaya riƙe da baki. Baba ya kankare hoton da wuƙa, ya miƙa masa guntun goshi da kunne ɗaya, ya ce kuɗin hula biyu zai biya, tun da har da kankara.