Injiniya, wa ya ce sai ka naɗa wa kwantena rawani?

A cikin masu karanta wannan shafi akwai wasu bayin Allah da ke burge ni. Su ne waɗanda idan manhaja ta ƙi tashi a cikin kwantena, ba ruwansu da neman dalili. Sai su liƙa mata --privileged, su danna, ta tashi, su kaɗe riga suna cewa aiki ya kammala. Sannunku da fama, injiniyoyi. Ku ɗan matso, da ku nake.

Na san amsarku tun kafin ku buɗe baki: "Ai a cikin kwantena take, me za ta yi mini?" To ranka ya daɗe, kwantena ba kwamfuta ba ce mai cin gashin kanta. Gidan haya ne: kowa da ɗakinsa da ƙofarsa, amma ginin ɗaya ne. Duk kwantenonin da ke kan sabarka kenel ɗin Linux guda suke hawa, shi ne kuma na uwar na'urar. Idan ba ka rubuta USER a Dockerfile ba, kuma hoton da ka ɗauko bai sa ba, manhajarka za ta tashi ne a matsayin root, mai lamba 0. In ba ka kunna rarraba lambobin masu amfani ba, wannan sifilin shi ne dai sifilin mai gida.

Abin da ke riƙe da shi ɗan takunkumi ne. Tun 1999, a kenel 2.2, Linux ya fara yanyanka ikon root gida-gida, yau sun kai kusan 40: ikon sauya mamallakin fayil daban, ikon taɓa saitin sadarwa daban, ikon ɗora faifai daban. Docker kan ba kwantena 14 kacal daga ciki. Kai kuma da kalmarka guda ka miƙa mata dukkansu, ka buɗe mata na'urorin sabar, ka ɗage tacewar seccomp. Ɗan haya ya karɓi makullin kowane ɗaki har da na mai gida. Wanda ya kutso cikin irin wannan kwantena zai iya ɗora faifan sabar ya karanta abin da ya ga dama.

Ga wani can yana ɗaga hannu: "Malam, tawa manhajar fa sai da root take tashi." Na yarda, wani lokacin haka ne. Akwai babban fayil da za a gyara wa mamallaki, akwai ƙofar sadarwa ta 80 wadda a al'adar Linux duk ta ƙasa da 1024 sai mai iko. Amma buƙatar ta daƙiƙa biyu ce, kai kuma ka ba da sarautar har abada. Dubi yadda hoton PostgreSQL na hukuma yake yi: yana farawa da root, ya daidaita mallakar wurin ajiyar bayanai, sannan ya yi amfani da gosu ya sauka zuwa mai amfani postgres kafin rumbun ya fara aiki. Shi kansa PostgreSQL ko ka roƙe shi ba zai tashi da root ba. Manhaja ta fi ka tsoron kanta, injiniya, abin da kunya.

Hanyar ba ta da wuya. Ka kwashe iko duka da --cap-drop ALL, sannan ka maido wanda aka buƙata, kowanne da sunansa. In ƙofar 80 ce matsalar, NET_BIND_SERVICE ya wadatar, ko ka koma 8080 ka huta. Ka ƙara no-new-privileges, don kada wanda ya sauka ya sake hawa ta hanyar shiri irin sudo. Wai ma me sudo yake nema a cikin kwantenarka?

Sai kuma gwanayen tawali'u: "Ni wa ya san da ni? Ɗan shagona na intanet wa zai kula?" Ai ba mutum ne ke zaune yana neman sunanka ba. Shirye-shirye ne ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofar 2375, inda Docker ke saurare idan an bar shi a buɗe. A 2019 masu binciken Palo Alto Networks suka gano tsutsar Graboid, wadda ta bi ta sabobin Docker fiye da 2,000 da aka bari ba kariya tana haƙar kuɗin Monero. Ba ta tambayi kowa girman shagonsa ba. Ita ta ci riba, mai saba ya biya kuɗin haya, da dala kuwa.

A watan Fabrairun 2019 ɗin ma aka bayyana ɓarakar runc, shirin da ke tayar da kwantenonin Docker. Mai root a cikin kwantena zai iya sake rubuta runc na uwar na'ura ya mallake ta. Waɗanda suka tayar da nasu da ƙaramin mai amfani sun sha da sauƙi, alhali ba su san da ɓarakar ba. Amfanin rage iko ke nan: yana kare ka daga kuskuren da ba a riga an gano ba. Saltzer da Schroeder sun rubuta wannan ƙa'ida tun 1975, kafin a haifi yawancinku.

Kai mai murmushi a baya, wanda bai taɓa rubuta --privileged ba, kada ka yi saurin dariya. Ba kai ne ka shigar da docker.sock cikin kwantena ba? Ba kai ne ka zuba duk abokan aikinka a rukunin docker don ka gaji da kiran waya ba? Takardun Docker da kansu sun yi gargaɗi cewa shiga wannan rukuni daidai yake da samun root. Ga Podman nan yana aiki ba tare da root ba, Docker ma ya tabbatar da irin wannan tsari tun fitowar 20.10 a 2020. Masu Kubernetes kuma layi biyu ne: runAsNonRoot ya zama gaskiya, allowPrivilegeEscalation ya zama ƙarya.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ba sai mun yi ta ja-in-ja ba. Ka shiga kwantenar da ka fi alfahari da ita, ka rubuta id, ka danna. In ta amsa maka da uid=0, ajiye wasiƙar raddin da ka fara rubuto mini, ka je ka gyara tukuna. Musun yana nan yana jiranka, ni ma ba inda za ni.