Masanan Gam na Rogo Ruma

Idan kaka ta yi, aka gama yankan dawa, kara ya zube a gonaki daga Rogo Ruma har Zarewa da Beli, lokacin ƙere-ƙeren yara ya zo. Da motar kara ake yayi. Yanzu da labarin layin dogon Kano zuwa Maradi ya cika rediyo, sai ka ga yaro ya ɗauko babban aiki: tashar jirgin ƙasa, taragai na kwali, dogo na kara, rumfar fasinja ta fallen katako. Jirgi ya iso Kano tun 1911 bai biyo ta Rogo ba, to ga shi yara sun kawo shi. A Ingila da Jamus dattawa ne ke sayen irin wannan, an riga an yayyanka musu katakon, nasu mannawa kawai. A nan yaro ne da rezarsa. Amma ya kuskura ya ce "Da me zan manna?" sai masana su firfito ta kowane lungu.

Na farkon isowa shi ne Yaya Mai Sauri, da 'yar kwalbar Super Glue a aljihu. A wurinsa duk abin da ya wuce minti guda bai bushe ba, ba gam ba ne. Shi dai wannan gam danshi ne ke daskarar da shi, shi ya sa yake kama fatar yatsa kafin ya kama katako. Totuwar kara kuma shanye shi take yi ta bar wurin a bushe. Ƙarshen taimakon Yaya, za ka gan shi yana yawo da rufin tasha a manne da babban yatsa, yana tambayar ko akwai ruwan ɗumi. Tun 1958 ake sayar da gam ɗin nan a Amurka, har yau bai koya wa masoyansa haƙuri ba.

Sai Kawu Kafinta. Shi Top Bond ne addininsa, kuma gaskiya na gefensa, domin farin gam ne ya dace da katako da kwali: yana shiga cikinsu, yana ba ka damar gyara abin da ya karkace, in ya bushe kuma farin ya ɓace. Matsalar Kawu hannu. Ya saba da ƙofa da gadon amarya, don haka abin da tsinken tsintsiya zai ɗiga, shi da yatsa uku yake kwasowa. Kwali ya jiƙe ya lanƙwashe, taga ta toshe. Sannan ya ɗora bulo a kai ya ce, "Kar wanda ya taɓa sai gobe war haka." Goben ana ɗagawa, tashar ta kama ƙam, amma ta koma tabarma.

Mai gyaran takalmi ba ya doguwar magana. Evo-Stik zai shafa a gefe biyu, ya jira ya sha iska, ya haɗa. Sai dai haɗuwar ta har abada ce. Bangon da ya tafi a karkace, haka zai tsufa.

Malam na zaure kuwa murmushi yake yi wa kowa. Yana da ƙaro a gwangwani, wanda yake jiƙawa ya haɗa tawada, kuma zai tuna maka cewa wannan hawayen dakwara da ake tsinta a Borno da Yobe da Jigawa har ƙasashen Turai ake fitar da shi. "Allah ya gafarta Malam, zai riƙe katako?" "Zai riƙe, in Allah ya so." Takarda da kwali yana riƙe su lafiya lau a lokacin hunturu. Damina na faɗuwa, danshi ya ratsa, sai taragai su fara sallama da juna ɗaya bayan ɗaya.

Akwai Baba Matsolo, wanda bai ga dalilin kashe ko sisi ba alhali akwai sauran tuwo a tukunya. Ya manna kuwa. Da dare kyankyasai da ɓeraye suka yi walima, da safe dogo kaɗai ya rage.

Tsohon da ke kan buzu shi raina taron duka ya yi. A zamaninsu, in ji shi, ɓawon kara ake ferewa a soka cikin totuwa, mota ta tashi da ƙafa huɗu da sitiyari ba ɗigon gam. Na fi jin daɗin wannan, don in ka matsa masa zai karɓi reza ya nuna, kuma abin ya tsaya.

Wanda ya fi kowa ɓarna bai da gam, bai da ra'ayi. Shi ne mai "bari in gani ko ya kama." Ana ajiye aiki a inuwa zai matso, ya ɗan ja, ya ɗan murɗa, bango ya rabu, ya girgiza kai ya ce, "Ai na faɗa, jabu ne."

Don haka, ɗan'uwa, in naka yaron ya ɗauko aikin, saya masa ƙaramin farin gam, ka ba shi tsinke ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, a ɗaure da zare ko robar kuɗi. Sannan a kai tashar ɗaki a kulle, mabuɗin ya kwana a aljihunka.