Gobarau Nawa Ke Nan?

Mu a Ƙofar Marusa ba a gaya mana girman abu da lamba mu gamsu. Ka ce gini mita kaza ne, a ce maka "Gobarau nawa ke nan?" Ka ce kaya tan kaza ne, a ce "tirela nawa?" In zancen nisa ne, tambayar ita ce ko ya kai Jibiya ko bai kai ba. Haka muka taso muka tarar da manya suna yi, haka yaranmu suka ɗauka, har ga shi sun kai halin cikin wasannin kwamfuta.

Samarinmu 'yan jami'a da 'yan poli su ne suka jawo mana wannan musu. Bayan isha'i sukan zo teburin mai shayi da kwamfutar cinya, wai neman caji, a buɗe wani wasa mai suna Stellaris, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016. A cikinsa mutum yana kafa daula a sararin samaniya, ya ƙera jiragen yaƙi tun daga ƙananan 'yan sintiri har zuwa manyan da ake kira titan. Wasan ba ya rubuta tsawon jirgi da mita, kuma da gangan ake zana jiragen ƙatta kusa da duniyoyi don idon mai wasa ya kama su. Abin da ba a faɗi tsawonsa ba kuwa, a unguwarmu, sai an kwana a kansa.

Wani dattijo magini ne ya fara. Ya leƙa fuskar kwamfutar ya ce, "Kai ɗana, wanga kumbo naka, in an sauko da shi ƙasa, ina za a aje shi?" Yaron ya ce, "Baba, ai wasa ne." Ya ce, "Yo wasan ma ai da awo." Daga nan aka koma kan jiragen da masu su suka faɗi tsawonsu, tunda da su ne za a iya yin lissafi.

Ma'auninmu dai sananne ne. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, tsayinta kimanin ƙafa 50 ne, wato mita 15. Jirgin nan mai siffar kan mashi na finafinan Star Wars, wanda ya fara fitowa a 1977 kuma ake jan rundunarsa a wasan Empire at War na 2006, an ce tsawonsa mita 1,600. Raba da 15, ka sami Gobarau ɗari da 'yan kai, an jera su a kwance kai da ƙafa. Wani Alhaji ya ce shi Gobarau a kwance ba ta shiga kansa, a auna masa da jirgin alhazai. Boeing 747 irin wanda Max Air ya yi ta jigilar mahajjata da shi mita 70 ne da ɗoriya, don haka sai an jera kusan 23. Alhaji ya yi shiru, ya ce a gwada da hasumiyar agogon Makka, wadda ya tsaya a gindinta har wuyansa ya ƙage. Ita mita 601 ce. Biyu da rabi ba su cike jirgin ba. A nan ya ajiye kofin shayinsa ya yi salati.

Shi wannan jirgin ma yaro ne. A wasan EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ya fitar a 2003, manyan jiragen sun haura kilomita 13. In ka kwantar da ɗaya daga cikin gari ka miƙar da shi hanyar Dutsinma, hancinsa sai ya kai wajen Batagarawa. Mai tafiya a ƙasa zai ci kusan awa uku daga wutsiya zuwa kai. Wani ɗan Keke Napep ya ce in haka ne shi a ba shi layi a ciki, don matuƙi ba zai taka da ƙafa ya je cin abinci ba. Aka yi dariya, amma maganarsa daidai take: abu mai wannan tsawo dole a yi masa hanyoyi da abin hawa da tashoshi a cikinsa.

Inda na fi jin daɗin halin namu shi ne tambaya ta biyu, wadda ba ta taɓa tsere mana ba: mutanen ciki me za su ci, ina za su sami ruwa? Littattafan Star Wars sun ce ma'aikatan wancan jirgi mai mita 1,600 sun kai 37,000, ban da sojoji. Filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Karkanda mutum 35,000 yake ɗauka, wato ko an cika shi maƙil da sauran jama'a a waje. Mai shayi ya karɓi biro ya juya bayan kwalin madara. Ya ce a ba kowa rabin kilo na hatsi a yini, ya tashi kilo 18,500, buhun gero 185 ke nan kullum, ba a zo kan mai da kayan miya ba. Ruwan sha kaɗai, lita uku kowane kai, lita 111,000 ne, ya fi tanka uku ta lita 33,000. Ba a yi wanka ba, ba a yi alwala ba. Mutumin da ya san jiran 'yan ga-ruwa ranar da famfo ya ɗauke, wanda ya san garin nan duka idonsa na kan dam ɗin Ajiwa, ba zai ga jirgi cike da jama'a ya manta da ruwa ba. Masu zana wasan sukan tsallake wannan, mu kuwa daga nan muke farawa.

Maginin nan ya ƙara wata da ta fi duka. Ya ce yara suna kuskure wuri ɗaya: in ka ninka tsawon ɗaki, ka ninka faɗinsa, ka ninka tsayinsa, cikinsa ya zama takwas, ba biyu ba. Bai yi ajin lissafi ba, bulo da yashi ne suka koya masa. Saboda haka jirgin da ya ninka wani sau 15 a tsawo, in siffarsu ɗaya, cikinsa ya ninka sau 3,375. Ɗalibin injiniya da ke wurin ya ce, "Wallahi Baba, abin da aka koya mana ke nan."

To, me ɗan'adam ya ƙera da gaske? Nan ne jiki yake sanyi, kuma nan ne abin yake ƙara girma a idona. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda aka fara harhaɗawa a 1998 kuma mutane ke zaune cikinta tun Nuwamban 2000, mita 109 ce, Gobarau bakwai. Nauyinta kimanin tan 420, wanda direban tirelarmu ya mayar da shi lodin siminti 14 nan take. Tana shawagi a nisan kilomita 400 daga ƙasa, zuwa Kano da dawowa da ɗan ƙari, tana kewaye duniya cikin minti 90. Mutum bakwai ne galibi a ciki, kuma ruwan da suka sha, har gumi da fitsari, tacewa ake yi a sake sha. A 2023 hukumar NASA ta ce sun kai ga maido da kashi 98 cikin ɗari. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 mita 111 ce. Ko a teku, inda ruwa ke ɗauke wa jirgi nauyi, mafi tsawon da aka taɓa yi shi ne Seawise Giant, mita 458. Namu na gida kuwa, tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumban 2003, kilo 100 ne, buhun gero ɗaya. NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disamban 2011 tan biyar ne. Ba raini ba ne faɗin haka. Wanda ya san wahalar ɗaga buhu zuwa bayan mota shi zai fi gane abin da ake nufi da kai shi sama ya zauna yana aiki.

Akwai masu ganin wannan hira ɓata dare ce, wasu iyayen kuma da sun ga yaro gaban kwamfuta sai faɗa. Tsoronsu yana da tushe, don wasan nan yana cin lokaci, yaro sai ya kai asuba bai sani ba, kuma lokacin salla da na karatu ba abin wasa ba ne. Amma ni na ga yaron da ke gudun darasin lissafi yana raba 1,600 da 15 da kansa, yana gardama a kan ragowar. Na ga magini da ɗan jami'a sun haɗu a kan amsa ɗaya, kowa ta hanyarsa.

Malaman lissafi da kimiyya na makarantun unguwarmu, ga aiki ya zo muku har gida. Ku ba yara tsawon jirgin da suke so, ku ce su auna shi da titin gidansu, su fitar da abincinsa da ruwansa na wata guda, su kawo a rubuce ranar Litinin.